Layin da Suka Ce a Cire

Har yau akwai tambayar da na kasa samo amsarta, na tambayi masu boko na tambayi masu allo. In mace ta faɗi abu da bakinta, abin da ta yi shekara hamsin tana yi da hannunta, sai wani ya ji ya tafi ya buga a littafi, to maganar ta wa ce a cikinsu?

Ni ban san baƙi ba, na boko ko na ajami, sai abin sallah da na haddace. Wadda ke rubuta wannan ɗiyata ce ta fari, malamar makaranta ce a Faskari, ita ma har ta yi jika. Ni ke faɗa, ita ke rubutawa, kuma na sa ta yi mani alkawari ba za ta gyara mani magana ba. Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifinta. Na fita takaba amma ban fita kuka ba, kuma ba ni ɓoyewa. Duk wadda ta shigo ta tarar ina hawaye, ta zauna in gama.

A cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin zannuwa, akwai wata takarda mai shafi goma sha takwas. Malam ne ya rubuta ta, mijina, Allah ya jiƙansa. Wata mujalla ta masana aikin gona ta ce za ta buga, amma sai an cire layi ɗaya a shafin ƙarshe. Layin nan ni ce. Na ce ba za a cire ba. Sun ba mu zuwa ƙarshen watan gobe, in ba a tura ba su rufe maganar.

Malam malamin gona ne. Shekara talatin da biyar yana yawo a kan babur tsakanin Kankara da Faskari da Sabuwa, yana koya wa manoma tazarar shuka da zuba taki. Ni 'yar Pauwa ce, kakata ta wajen uwa ta raine ni, kuma a hannunta na koyi ajiye iri. Akwai wata dawa da take shukawa, gajera ce, ba ta da kyan gani kamar kaura, amma tana nuna da wuri, kuma wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa, ba ta cin ta sosai. Da aka kawo ni Kankara, cikin kayana har da ɗan tulu na irin nan. Dangin Malam sun yi dariya, suka ce an kawo amarya da guzurin tsaba kamar kaza.

Ga yadda ake yi, ke kuma rubuta da kyau, kada ki tsallake komai. Kafin maza su shiga girbi sai ki zaga gonar, ki nemi wurin da wuta-wuta ta fi yawa. Zangarniyar da ta cika a wannan wurin ita ce iri, ba wadda ta fi girma a wuri mai daɗi ba. A yanko ta da dogon kara, a rataye sama da murhu ta sha hayaƙi har ta bushe ƙamas. Ba a sussuka ta a turmi, taɓarya na fasa idon ƙwaya. Da tafin hannu ake murzawa. Sannan toka. A tara karan dawa a fili a ƙone, a bar tokar ta kwana uku ta huce, a tankaɗe da rariya, a gauraya da irin, a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka, a ɗora kan duwatsu kada gindin ya taɓa ƙasa. Ba a sa tokar murhu. Tokar murhu ta sha gishiri da kanwa da ruwan miyar da ke zuba, tana jawo danshi, in aka buɗe tulun da damina sai a tarar da iri ya yi funfuna.

Shekara da shekaru Malam bai kula da tuluna na ba. Shi irin gwamnati yake rabawa a buhu mai tambari. Sai da rashin zaman lafiya ya tayar da ƙauyuka, mutane suka bar rumbunansu suka shigo gari da kayan jikinsu. Da aka ɗan samu sauƙi wasu suka so komawa gona, ba iri. Mata suka riƙa sallama a gidana, daga Pauwa, daga wajen Sheme, har daga ƙauyukan Sabuwa, kowa da ɗan ƙyalle, ina auna masu da ludayi. Wata safiya Malam yana zaune bakin ɗaki yana shan koko, ya ga tsofaffi huɗu sun shigo sun fita, sai ya ajiye kofin ya ce, "Hajiya, in kika mutu, tulun nan ya mutu ke nan?"

Na ce, "Kai za ka rigaye ni da wannan baƙin fata naka."

Ban san na faɗi gaskiya ba.

A lokacin ya riga ya yi ritaya. Ya sayo littafin rubutu, kullum da hantsi sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya ce in zo a yi makaranta. Shi ke tambaya, ni ke ba da amsa. Ya yi gwaji damina uku a gonarmu ta bayan gari: tulu da tokar kara, tulu da tokar murhu, tulu ba toka. Ya riƙa ƙirga ƙwayar da ta tsiro a kowane layi yana rubutawa. Da ya gama ya ce, "Yadda kika faɗa haka ya fito." Na ce, "Da ka tambaye ni da ka huta da ƙunar rana."

Da Turanci ya rubuta, ya ce don masana na nesa su gani. Da ya gama sai ya samo ƙa'idojin mujallar, shafi huɗu cur, ya zauna yana karanta mani yana fassarawa. Na haddace su kamar yadda na haddace kayan miya, don na ji su ya fi sau ashirin. A bar fili tsakanin layi da layi, faɗin wani layin. A bar gefen takarda fari, dama da hagu, sama da ƙasa, daidai wa daida. Girman baƙi lamba goma sha biyu. A farko a taƙaita aikin duka cikin kalmomi ɗari biyu da hamsin, ko ɗaya kada ta ƙaru. Kowane hoto da lambarsa a ƙasa, kowane jadawali da lambarsa a sama. Kuma mai aikin ya cire sunansa daga ciki, ya sa a wata takarda daban, don masu dubawa kada su san ko wane ne.

Na ce, "To, wannan kam ta yi kyau. Alƙali bai san mai ƙara ba."

Ya ce, "Ai mutanen nan suna da tsari."

Yana son tsari, Allah ya jiƙansa. Mutumin da ke auna tazarar shuka da igiya mai ƙulli ba zai ƙi a ce ya auna gefen takarda ba.

Ya kai shagon kwamfuta na bakin kasuwa aka buga, aka tura ta imel. Bayan wata biyu ta dawo, ko karantawa ba su yi ba. Wai filin tsakanin layuka bai kai ba, gefen hagu ya fi na dama. Ya koma shago aka gyara. Ta sake dawowa: taƙaitawar ta wuce da kalma goma sha tara. Kwana biyu yana zaune yana cire kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. In ya cire ɗaya sai ya karanta mani ya ce, "Ma'ana ta tafi?" In ce, "Tana nan, rama kawai ta yi."

Duk wannan ban yi fushi ba. Ni ma in yarinya ta kawo mani tuwo a murfin kwano sai in ce ta koma ta sa a kwano. Kowane gida da yadda ake shigarsa.

Shafin ƙarshe shi ake kira manazarta. A nan ake jera duk waɗanda aka ɗauko magana a wurinsu. Shi ma da dokarsa. Sunan mahaifi ne a gaba, sannan harafin farko na sunan mutum, sannan shekara cikin baka biyu, sannan sunan littafin da baƙi a kishingiɗe, sannan garin da aka buga. A jera su bi da bi yadda haruffa ke tafiya. Kuma layin farko na kowane mutum ya fito waje, sauran layukansa su shige ciki.

Ranar da ya zo kan wannan shafin, sai na ga yana ta juya biro, ya ƙi rubutu. Can ya ce, "Hajiya, zan sa ki a nan."

Na ce, "A ina?"

"Cikin manazarta. Rabin aikin nan daga bakinki ya fito."

Na ce, "Rufa mani asiri, Malam. Sunana a takarda, maza baƙi su yi ta karantawa? Me dangina za su ce?"

Ya ce, "Danginki wane ne ke karanta mujallar aikin gona da Turanci?"

Sai kuma wata matsala. Shekara arba'in da shida muna tare bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa kiran nasa ba, haka muka tashi muka ga ana yi. Da muna yara "ke" yake cewa, da aka haifi wannan da ke rubutu ya koma "uwar yarinya", da muka sauke farali na zama Hajiya. Yau ga shi zai rubuta suna da hannunsa. Dokar mujallar ce ta cece shi: sunan babana ya rubuta cikakke, nawa harafi ɗaya da ɗigo. Ya nuna mani. Na ce, "Duk ni ce wannan ɗan tsinken?" Ya yi dariya har ya ƙware.

Ya ce, "Saura shekara. Wace shekara kika gaya mani?"

Na ce, "Tun ranar da aka kawo ni nake gaya maka, ba ka ji ba sai bara waccan."

Sai ya sa shekarar aurenmu, ya ja ɗan layi, ya sa shekarar da muke ciki. Wurin sunan littafi ya rubuta cewa bayani ne na baka a kan ajiye irin dawa. Wurin gari ya sa Kankara. Sunan babana ya faɗo na goma sha ɗaya a jerin mutum ashirin da uku. Ya kama yatsana ya bi da shi kan kawunan layukan da suka fito waje, ɗaya, biyu, uku, har sha ɗaya. Nawa ya fi kowane gajarta, layi ɗaya da 'yar wutsiya. Na sama da ni da na ƙasa da ni duk farfesoshi ne, kowa layi uku-uku. Na ce masa ni dai ba ruwana. Amma da ya fita masallaci na koma na ɗauko takardar na sake ƙirgawa ni kaɗai.

Da aka sake turawa, wannan karon masu mujallar sun karanta. Wata biyar ta yi a wurinsu. Masu dubawa biyu duk sun yaba, suka ce gwajin ya yi kyau, aikin yana da amfani. Gyara ɗaya ya rage. Lamba goma sha ɗaya ba ta cika ƙa'ida ba, don ba a sa maganar baka a manazarta, sai abin da aka buga wanda mai karatu zai iya nemowa ya duba. Suka ce akwai wani littafi da wani masani ya rubuta tuntuni a kan ajiyar iri a ƙasar Hausa, a sa shi a wurin. Ita kuma matar, in ana so, a ambace ta a sashen godiya.

Malam ya sa wani tsohon abokin aikinsa ya nemo masa hoton shafukan littafin. Da suka iso ya zauna ya karanta mani. Mai littafin ya rubuta cewa matan karkara suna gauraya iri da tokar murhu.

Na ce, "Sake karantawa."

Ya sake. Tokar murhu.

Na san yadda aka yi. Ya shiga wani gida ya ga zangarniya rataye sama da murhu, ya ga toka a tulu, ya haɗa da kansa. Bai tambayi matar gidan ba, ko ya tambayi mijinta a zaure. Ba na zaginsa, bai san ya yi kuskure ba. Amma duk wadda ta bi littafinsa za ta buɗe tulu da ruwan farko ta tarar da funfuna, ga gona an gyara, ga yara suna kallonta.

Na ce, "Yanzu wannan za a sa a wurina? Aikinka ya ce tokar kara, shedarka ya ce tokar murhu?"

Ya ce, "Shi an buga shi."

"Ni kuma ba a buga ni ba."

"Ke ba a buga ki ba."

A ranar ne kunyar da nake ji ta fita daga raina. Na ce masa godiya ana yi wa wadda ta kai wa manoma ruwa a gona. Wanda ya ba da iri ba godiya ake masa a gefe ba, da shi ake raba amfani. Ya ce shi ma abin da ke ransa ke nan. Ya rubuta masu doguwar wasiƙa, ya bayyana kuskuren littafin. Suka amsa da ladabi cewa zai iya nuna saɓaninsa da littafin a cikin aikin, amma ƙa'idar manazarta ba ta canzawa. Ya sake rubutawa. Suka sake amsawa da irin kalmomin farko. Haka aka yi ta yi kusan shekara. Abokansa a majalisar bakin masallaci suna tsokanarsa, "Malam, yaya Farfesa Hajiya? An ba ta kujerar ko ana nan ana shari'a?" Yakan ce, "Ku dai da kuka ci tuwon dawarta ku yi shiru."

Cikin haka ciwon ya taso. Ƙafa ta fara kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Aka yi asibiti aka dawo, aka sake komawa. Kwana goma sha biyu muka yi a kwanciyar ƙarshe. Ranar Talata bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa, ina zaune a gefen gadon.

Ba zan iya faɗin kwanakin da suka biyo baya ba. Tabarmarsa tana nan a naɗe a jingine inda ya bar ta. Da hantsi ya yi sai in ji kamar za a ce in zo a yi makaranta.

Bayan sadakar arba'in mujallar ta aiko da saƙo a wayarsa, wadda ke hannun ɗiyata. Sun ji rasuwar, sun yi ta'aziyya, sun ce suna so su buga aikin don girmama shi, in iyali za su yi gyaran da ya rage. Ƙannenta maza biyu suka ce a yi. Suka ce, "Inna, sunan Baba zai fito a duniya, layi ɗaya ne fa." Na ce layi ɗaya ne ya hana shi barci shekara guda, ba ni da ikon in yafe abin da bai yafe ba. Haka na ce masu.

Bayan kwana kaɗan wannan da ke rubutu ta zo daga Faskari da sabuwar takarda a cikin leda. Ta ce, "Inna, na sake bugawa ne don ta tsufa, ki sa albarka in tura." Ki rubuta, kada ki tsaya, ai ke kika yi. Na karɓa na buɗe shafin ƙarshe. Na sa yatsa a kan kawunan layukan da suka fito waje. Ashirin da uku, cif. Na dawo kan lamba goma sha ɗaya. Layi uku ne, dogo, da baƙi a kishingiɗe. Na bi su duka daga sama har ƙasa ina neman gajeren nan mai 'yar wutsiya. Babu.

Na ce, "Malama, ina nake?"

Ta ce, "Inna, kina gaba, a wurin godiya. Na rubuta da kyau, har da addu'a."

Na ce, "Kin ga ban iya karatu ba shi ya sa."

Ta fashe da kuka, mace mai jika. Ta ce ba raini ba ne, tsoro take ji aikin babanta ya ruɓe a akwati. Na san gaskiya ta faɗa. Ni ma tsoron nake ji, kullum. Amma na ce ta kira mani babban mujallar, wanda suke ce wa edita, in ji daga bakinsa.

Ta kira, ta buɗe muryar wayar. Dattijo ne, Bahaushe, Hausarsa ta birni. Ya yi mani gaisuwa mai kyau, ya yi wa Malam addu'a, har na ji kunyar abin da na shirya faɗa masa. Duk da haka na faɗa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kun sa mijina ya cire sunansa don kada a san shi. Ni kuma kun ce a cire nawa don ba a san ni ba. Wanne ne laifin, a san mutum ko kada a san shi?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya, ba raini ba ne wallahi. Amfanin manazarta shi ne, wanda ya karanta ya yi shakka, ya je ya duba da idonsa."

Na ce, "To ya zo. Ina Kankara, gidan ba ɓoyayye ba ne. Tulu bakwai ne a ɗaki, in buɗe masa wanda yake so, in ba shi fura ya sha."

"Na Ingila fa, Hajiya? Na Indiya fa?"

"Mai littafin tokar murhu daga ina ya zo? Shi ya sami hanya, su ma za su samu."

Sai ya ce, cikin taushin murya, "Allah ya ƙara maki lafiya da nisan kwana. Amma mujalla tana zama shekara ɗari a ɗakin karatu. Wanda ya zo bayan shekara hamsin, wa zai tambaya?"

Nan kam ya kama ni. Ina kallon tabarmar Malam a jingine, na san mutum yana tafiya da duk abin da ke bakinsa. Dokarsu ba ta banza ba ce, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba, a ce don ni zan mutu, sai a ba wanda ya yi kuskure wurina saboda shi takardarsa ba ta mutuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in abin a rubuce yake fa? Da sunansa, da shekararsa, da garin da aka buga?"

Ya ce, "In an buga shi, kuma an ajiye inda mai nema zai samu, to sai mu duba."

"Ko da wadda ta faɗa ba ta san baƙi ba?"

Ya ce shi dai a cikin ƙa'idojinsu bai ga inda aka hana ba, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, sai ya kai wa 'yan kwamiti.

Shi ya sa muke zaune yau kwana na huɗu a gindin darbejiya, ni ina faɗa, ita tana rubutawa. Za a kai wannan rubutun shagon kwamfuta a buga shi littafi. Na ce a bar fili tsakanin layi da layi, a bar gefe daidai wa daida, baƙi lamba goma sha biyu, kada su sami abin cewa. A sa sunan babana a gaba, nawa harafi ɗaya, shekarar bana cikin baka biyu, gari Kankara. A buga da yawa a ɗinke. A kai ɗakin karatu na kwaleji, a kai ofishin gona, a ba duk macen da ta zo neman iri ta kai wa ɗanta ya karanta mata. Sannan a mayar da ni lamba goma sha ɗaya, a tura masu. In sun karɓa, alhamdu lillahi. In kwamitinsu ya ce wannan ba littafi ba ne, takardar Malam ta koma akwati, ni na jawo, kuma ni zan amsa a gaban Allah. Na san abin da nake sawa a wuta. Aikin mutum ne na shekara biyar, na ƙarshe da ya yi a duniya.

Saura abu ɗaya. Na so in tafi da shi kabari, amma tunda za a ce mai shakka ya zo ya duba ni, bai kamata a same ni da ɓoye-ɓoye ba. Ke ma yau za ki fara ji, kuma ba na so ki ajiye biron.

Na ce wa ƙannenki ba ni da ikon yafe abin da babanku bai yafe ba. Ba haka aka yi ba. Ya yafe. Ni ce ban yafe ba. Na auna maganar da ya yi shekara guda yana yi da lafiyarsa da wadda ya yi sau ɗaya da ciwo a ƙirjinsa, na zaɓi ta farko. Ko na yi daidai ko na saɓa wa mijina a maganarsa ta ƙarshe, ban sani ba, kuma ba zan janye ba.

Ranar Talatar nan, ke kin fita karɓo magani. Na jiƙa masa leɓe da ruwa a cokali. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallona, ya nemi hannuna na ba shi. Bayan wannan bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada, ita kuma da Ubangijinsa yake yi ba da ni ba. Abin da ya ce mani shi ne:

"Hajiya, na gaji da su. Ki ce ma yarinyar nan ta cire layin ta tura masu. Ni dai na san wadda ta gaya mani."